Shaidar da Baffa Ya Ɗora Mini

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Baffana, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina rarrafe, ya riga mu tafiya wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero. Ya haura shekara casa'in.

Ina kasuwar hatsi ana loda mini masara aka bugo waya. Kafin in isa ƙauyenmu, can arewa da Kano ta wajen Bici, ƙofar gida ta cika. Har da motocin 'yan siyasa, abin da Baffa bai taɓa bari ya daɗe a ƙofarsa ba yana raye. Biyu daga cikinsu, 'yan jam'iyyun da ba sa ga maciji da juna, kowanne ya zauna a tabarma yana cewa uban tafiyarsu ne ya rasu. Akwai wani tsoho, sa'an Baffa na ƙarshe da ya rage a garin, kunnensa ya yi nauyi, don haka ba ya iya magana a hankali. Ya ƙura wa ɗayansu ido, ya juyo wurina.

"Kai, ba wannan ne ya kawo shinkafa da azumi, marigayi ya sa aka mayar masa a baro ba?"

Mutane suka sunkuyar da kai. Wasu kafaɗunsu na rawa.

Mutanen gangare ma sun zo. Haka muke kiran unguwar da ke hayin rafi, Maguzawa ne tun kaka da kakanni, yawancinsu yanzu Kiristoci. Matansu suka shige wurin Inna, matar Baffa, ana jin kukansu daga zaure. Mazan kuwa suka ɗebo ruwa a jarkoki suka kai maƙabarta don kwaɓa ƙasa. Da muka yi sahu za mu sallace shi, suka koma gindin ɗorawa suka tsaya, huluna a hannu, har muka sallame. Wani baƙo da ya zo daga Bacirawa ya tambaye ni su wane ne waɗancan. Na ce masa mutanen Baffa ne.

Da yamma wani jikansa mai karatu a kwalejin Bici ya tambaye ni, wai shi kakan nasu ainihi wace jam'iyya yake. Na rasa amsar da zan ba shi a taƙaice, domin jam'iyyar ta mutu tun ba a haifi uwar yaron ba. Wannan tambaya ce ta sa na zauna rubuta abin da na sani. Akwai kuma maganar gonar bakin titi, wadda tun muna zaman makoki na san za ta taso, na kuma san a bakina za ta ƙare.

Baffa ya shiga siyasa tun Turawa na nan. Yana sabon aure wasu mutum biyu suka zo daga birni a kan keke ranar kasuwa, ɗaya ya kifa turmi ya hau ya yi magana. Baffa ya ce rabin abin da mutumin ya faɗa bai gane ba. Abu ɗaya ne ya shige shi: wai ƙasar nan ba ta Bature ba ce, ba ta hakimi ba ce, ta masu biyan haraji ce, kuma duk mai biyan haraji daga nan har bakin teku ɗan'uwanka ne. Baffa a lokacin bai taɓa wuce Kano ba, teku kuwa a labari yake jin sa. Amma ya yanki katin jam'iyyar talakawa a ranar.

Da damina ta sauka aka yi shela kowane magidanci ya fito noman gandun hakimi, aikin tilas, babu ko fura. Baffa ya ce tasa gonar ma ciyawa ta ci ƙarfinta, ba zai je ba. A gangare ma wani saurayi ya ƙi, wanda daga baya ya gaji ubansa ya zama Sarkin Nomansu. Ba su san juna sosai ba kafin nan. Aka tasa ƙeyarsu tare zuwa garin hakimi, aka yi musu bulala a bainar jama'a, aka kulle su wata uku. Duk lokacin da wani ya kawo masa maganar bambancin addini a siyasa, labarin nan yake ɗaukowa.

"Bulalar nan ba ta tambaye ni ko na yi sallar Asuba ba," in ji shi, "shi ma ba ta tambaye shi ko ya sha giya ba. Iri ɗaya ta zane mu."

Inna tana da nata yadda take ba da labarin. Tana ɗauke da cikin fari a lokacin, cikin babban ɗansu wanda nake kira Yaya, rumbu kuma ya kusa ƙarewa. Takan ce, "Shi yana can yana neman 'yanci, ni ina nan ina neman tsakin da zan dama." Matan gangare ne, su da ke noma kamar maza, suka haye rafi da fartanyoyinsu suka nome gonar Baffa sau biyu a daminar. Da ba don su ba, da gidan bai ga hatsi ba a shekarar.

Ranar da aka ba da mulkin kai, Baffa ya sa sabuwar riga ya taka har garin hakimi don ya ga yadda 'yanci yake. Ya ga 'yan makaranta da ƙananan tutoci, ya ji kiɗa, ya dawo. Da rani ya yi, mutanen da suka saba zuwa karɓar haraji su ne suka sake zuwa, da irin tsawar da suka saba. Wasu abokan tafiyarsa suka yi zuciya suka bar siyasa, wasu suka koma ɓangaren da ke da gwamnati. Shi ya ce korar baƙo ce aka gama, zaman 'yan gida da juna ne ba a fara ba tukuna, kuma shi ne mai wuyar.

Halayensa kowa ya san su. Ba ya cire takalmi don wani mai muƙami, amma zai tsuguna har ƙasa ya gai da duk manomin da ya girme shi, ko da kuwa tsumma ne a jikinsa. Rediyonsa na rataye a wuya yana noma, yana musu da ita kamar tana jin sa. Ranar zaɓe shi ne na farko a layi, har lokacin da sai an ɗora shi a babur an riƙe shi ta baya. In na ce masa, "Baffa, waɗanda kake zaɓa ba sa ci," sai ya ce, "Ai ba don su ci nake zuwa ba. An dake ni a kan layin nan, ba zan bar wa wani gurbina ba."

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don zai ji haushin ƙarya ko a kabari. Taurin kansa ya cuci na kusa da shi. Yaya ya gama firamare da sakamako mai kyau, aka kusa ɗaukarsa malamin gona, sai aka ga sunan ubansa cikin masu tayar da hankali, aka soke. Kalma ɗaya ta ban haƙuri ake so Baffa ya je ya faɗa, ya ƙi. Yaya ya ƙare rayuwarsa a gona, kuma ban taɓa jin Baffa ya ce masa yi haƙuri ba. Baffa ya taɓa yin shekara guda ba ya amsa gaisuwar surukinsa saboda ya karɓi babur a hannun ɗan takara.

Mahaifina soja ne, ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Baffa ya ɗauko ni ya haɗa da 'ya'yansa, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Ban taɓa jin ya zagi waɗanda aka yi yaƙin da su ba. Na girma na fara fataucin hatsi da jaki, na koma amalanke, har Allah ya hore mini manyan motoci da ke kai kaya Kudu. Wata shekara rikici ya tashi a wani gari can, matasa suka tare motata suka ƙone ta da kayan ciki, direban da ƙyar ya sha. Na zo gida raina a ɓace, na tarar da Baffa yana gyaran shingen aguwa.

Na ce, "Baffa, ƙasar nan taku da kuke ta yabo, a raba ta kowa ya huta. Mutanen nan ba sa son mu."

Bai ɗago ba. "Direban naka wa ya ɓoye shi?"

"Wata mai sayar da abinci."

"'Yar Bici ce?"

Na ce, "A'a."

"To in an raba, masarar taka ni za ka sayar wa? Ina da tawa." Sai ya ajiye addar ya dube ni. "Ƙanena ya mutu don a zauna da mutanen nan. In yau na ce ba na zama da su, to a kan me ya mutu? Ka tafi ka nemi wata motar."

Na yi wata biyu ban taka gidansa ba. Daga baya na koma da buhun shinkafa, ya karɓa, ya ce wannan dai ba ta ɗan takara ba ce.

Yanzu maganar gonar. A wajenmu ƙasar noma ta yi ƙaranci. An raba gonaki gado bayan gado har wani rabonsa bai fi a yi shanya a kai ba. Baffa yana da wata doguwar gona da ta taso daga wata tsamiya ta dangana da titi. Da aka zuba kwalta, na ga babu wurin da ya fi ta dacewa da sito, mota za ta shiga ta juya ba wahala. Sau uku ina roƙonsa ya sayar mini, sau uku yana kawar da zancen, yana cewa in sha ruwa.

Shekara takwas da suka wuce Sarkin Noma ya rasu a tsakiyar damina. 'Yar maƙabartar mutanen gangare tana bakin rafi, ruwa ya daɗe yana cinta, a shekarar kuwa ya tafi da rabinta. Babu inda za su sa shi. Baffa ya aika aka kira ni daga kasuwa, ya ce in bar duk abin da nake yi. Na same shi a gindin tsamiyar nan da sandarsa, tare da Liman da babban ɗan Sarkin Noma. Ya sa muka bi shi, ya taka gonar kusurwa huɗu yana haki, sannan ya tsaya.

"Liman, ka ji. Kai ma," ya nuna ni da sandarsa, "ka ji. Daga tsamiyar nan har bakin titi na ba mutanen gangare, su binne matattunsu. Kyauta ce, ba aro ba."

Ɗan Sarkin Noma ya durƙusa yana hawaye. Ya ce wurin ya yi musu yawa yanzu, Baffa ya ci gaba da noma sauran har ranar da za su buƙata. Baffa ya ce to.

Da suka tafi haƙa kabari na ja shi gefe. "Baffa, a rubuta mana. Abin ƙasa ne."

"Takarda ce ta kai ni gidan yari. Bakin mutum biyu ya isa."

Wannan kuskure ne, na gaya masa, bai saurare ni ba. Sai na ce, "To me ya sa ni ka zaɓa shaida? Ga Yaya a gida."

"Yayanka zai ce tsufa ne ya sa ni. Kai kuwa duk garin nan an san kana son wurin. In mai son wuri ya ce ba na gado ba ne, wa zai musa?"

"In kuma na yi shiru fa?"

"Ka yi shirunka mana. Ni lokacin na mutu."

Liman ya rasu shekara biyu kafin Baffa. Kaburbura huɗu ne kawai a gindin tsamiyar, sauran gonar kuwa kowa na ganin Baffa na sa gyaɗa a ciki duk shekara. A idon gari, alfarma ya yi wa abokinsa da wasu mutum uku, shi ke nan. In ka cire ɗan Sarkin Noma, saura ni kaɗai na san iyakar abin da ya bayar.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya zo har rumfata. Ya haura saba'in, 'ya'yansa goma sha ɗaya, maza bakwai, duk suna jiran inda za su sa garma. Ya ce shi da ƙannensa sun yi shawara, za a kewaye kaburburan nan da bulo don mutunci, sauran a sayar mini in yi sitona, su kuma su nemi gona mai faɗi a can cikin daji inda ƙasa ke da sauƙi.

"Ka daɗe kana so," in ji shi. "Gara kai da bare."

Ban ce masa a'a ba. Cewa na yi, "Bari mu gani, Yaya." Gaskiya ita ce washegari na je wurin na taka shi da ƙafata, ina auna inda ƙofa za ta kasance da inda mota za ta juya. Na gaya wa kaina cewa mutanen gangare ba su fi gida talatin ba, kwata ɗin wurin zai ishe su shekara da shekaru. Na gaya wa kaina Yaya ya sha wahalar siyasar Baffa fiye da kowa, ya kamata ko sau ɗaya ya ci moriyar ubansa. Duk wannan gaskiya ne, har yau ban ga ƙarya a ciki ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ɗan Sarkin Noma. Kullum yana zuwa gaisuwa har aka share makoki, yana zama a bakin tabarma, mu haɗa ido, ya ce, "Alhaji, ya haƙuri?" Ko sau ɗaya bai tuna mini ba. Da ya zo ya roƙe ni, da na san yadda zan yi ciniki da shi, sana'ata ce. Bai zo ba.

Ranar rabon gado muka taru a zauren Baffa da safe. Malamin da ke rabo ya sa aka lissafa gonaki da dabbobi, har da ta bakin titi. Sannan ya yi tambayar da ake yi.

"Akwai wasiyya? Akwai wani abu da mamaci ya fitar daga dukiyarsa yana raye?"

Yaya ya ce, "Babu, Malam."

Malam ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ni ba magaji ba ne, zama kawai aka ce in yi a matsayin ɗan gida.

Na ce, "Akwai, Allah gafarta Malam." Na faɗi ranar, na faɗi waɗanda ke wurin, na faɗi kalmomin Baffa yadda ya faɗe su.

Yaya ya juyo gaba ɗaya. "Kai? Ba kai ka ce mini bari mu gani ba?"

"Na gani ne, Yaya."

"Shekara takwas kana sane ka bar ni ina lissafi da wurin! Uban nan namu ya hana ni aiki yana raye, yanzu ya mutu zai hana 'ya'yana gona?"

Wani ƙaninsa ya ce ai shaidar mutum ɗaya ce, ba takarda, kuma marigayi bai daina noman wurin ba. Malam ya ce haka ne, in aka je gaban alƙali maganar za ta yi tsawo, kuma bai san inda za ta faɗi ba. Amma in magada sun gaskata shaidar, ba sai an je ko'ina ba. Na ga alama ba za su gaskata ba.

Sai muka ji sanda na ƙwanƙwasa ƙyauren cikin gida. Inna ce, tana takaba, ba ta fito ba, daga bayan ƙofa ta yi magana.

"Malam, tumunina nawa ne a cikin gonakin nan?"

Malam ya ce kashi ɗaya cikin takwas na duk abin da aka bari.

"To in sun ƙi, a haɗa mini nawa duka a gonar bakin titi. In bai kai ba a cika da awakina. Ni zan ba su."

Yaya ya ce, "Haba Inna! Ke da kika fi kowa shan wuyar halin nan nasa?"

"Shi ya sa. Shekara saba'in ina faɗa da mutumin nan a kan irin wannan, ban taɓa kayar da shi ba. Ba zan zauna ina kallo ku kayar da shi don ya kwanta ba."

Yaya ya daɗe yana kallon tabarma. Da ya ɗago bai dubi kowa ba. Ya ce, "Malam, a cire ta daga lissafi. Inna ta riƙe tumuninta."

Wannan karon na sa an rubuta. Mai unguwa ya sa hannu, Malam ya sa, magada suka sa. Yaya ya yi mako uku ba ya amsa sallamata, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar da za a miƙa takardar muka haɗu a gonar, shi da ni da ɗan Sarkin Noma da dattawan gangare biyu. Ɗan Sarkin Noma ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu. Sai ya matsa kusa da Yaya.

"Yaya, mun yi magana a gida. Wurin ya fi ƙarfin buƙatarmu yanzu. Ka ci gaba da noma shi, kai da yaranka, har ranar da Allah ya sa za mu nema."

Yaya ya yi kamar bai ji ba. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannu, ya watsar.

"Gyaɗa zan sa," ya ce. "Ku dai kada ku yi saurin mutuwa."

Dattawan suka fashe da dariya. Ɗayansu ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa taurin kansa, ya saka masa da abin da ya tsaya a kai. Ya ba Inna da Yaya haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka saura, na wannan hayin da na wancan, Allah ya ba mu ikon zama da juna har tamu ta zo.